Mutumin da Shanu Suke Bi

Faɗanmu na farko da Mai-lallashi a kan romo muka yi shi. A lokacin ina sayar da abinci a bakin ƙofar mayanka, a wata rumfar kwano mai yoyo, da benci da teburin da ƙafarsa ɗaya ta gaza har sai na tokare ta da bulo. Mahauta, masu wankin hanji, direbobin manyan motocin da ke kawo shanu, duk a wurina suke cika ciki. Ran nan ya zo ya zauna a ƙarshen benci, ya ce in zuba masa shinkafa da wake, ban da nama. Na zaci aljihu ne ya huje, sai na yi abin kirki, na kwarara masa romo a kai kyauta. Ya dubi kwanon, ya turo min shi da yatsa kamar na zuba masa maganin ɓera.

"Inna, ai na ce ban da nama."

"Ka ga nama a ciki? Ruwansa ne."

"Shi ma ba na so."

Na ajiye ludayi na kama ƙugu. Na ce, "Kai ɗan nan, tun da gari ya waye kake raka shanu lahira ɗaya bayan ɗaya, ko tuntuɓe ba ka yi ba. Sai a kan romona tsoron Allah zai kama ka?"

Benci ya kwashe da dariya. Mai-wuƙa, wato wanda yake yankan, yana tsotsar ɓargo ya ce, "Ƙyale shi, Inna, zama da shanu ya yi masa yawa. Ciyawa yake nema."

"To ya yi gaba, ni ba na dafa ciyawa."

Mai-lallashi ya bar min kwanon a kan tebur. Ya tashi da yunwarsa ya koma ciki. Washegari sai ga shi da wani ɗan sabon ludayi, ya ɗaura masa zare a mariƙi, ya roƙe ni in rataye shi a ƙusa, in riƙa ɗebo masa wake da shi kaɗai. Na zage shi tas, na kuma rataye. Daga nan ya zama ɗan bencina, kuma yawancin abin da zan faɗa daga bakinsa na ji, saura daga bakin mahauta, waɗanda ba sa iya tauna nama ba tare da sun haɗa da naman mutum ba.

Mutumin nan ya yi rabin rayuwarsa yana neman wanda ya isa ya gaya masa abu ɗaya: aikin da yake yi, jinƙai ne ko cin amana. Kwanciyar hankalinsa da abincin 'ya'yansa duk a kan amsar suke rataye.

Yana saurayi ya zo mayankar, dogo siriri, kunnuwa a buɗe kamar murfin tukunya, aikinsa wanke daɓe da tiyo. A wancan zamanin da sanda ake shigar da shanu. Daga shingen da ake tsare su zuwa ɗakin yanka akwai wani siririn lungu na bututun ƙarfe. Saniya na kai tsakiyarsa ta ji warin jini sai ta toge. Daga nan sai a murɗe mata wutsiya har ta yi ƙas, a doke ta a hanci, ƙarti su kama igiya suna ja suna zagin uwarta. Wata safiya wani bijimi ya tsinke igiya ya share filin. Manyan mahauta masu ƙirji suka ɗare katanga, wani har ya bar takalmi ɗaya a ƙasa. Shi kuwa mai tiyo sai ya tuɓe dogon takalminsa na roba da rigar ledar da ke warin jini, ya shiga filin ƙafa ba takalmi. Bai kalli bijimin a ido ba. Ya juya masa baya ya tsaya, yana ta magana ƙasa-ƙasa kamar mai rarrashin jariri. Da hucin ya lafa ya fara tafiya a hankali, bijimin ya bi shi kamar bashi. Manaja yana kallo ta tagar ofis. Ranar aka karɓe masa tiyo, aka kuma raɗa masa Mai-lallashi, har sunansa na yanka ya ɓata.

Yadda yake aikin ma abin kallo ne. Ba ya sa farar riga irin ta ma'aikata. Sabulu mai ƙamshi ba ya taɓa jikinsa. Kafin a fara yanka yakan shiga shinge ya zuba musu ruwa da hannunsa, ya zazzauna a cikinsu suna tuƙa, har su san warinsa. Aljihunsa kullum da dusa gauraye da gishiri. Sai ya bi lungun shi kaɗai yana tsince duk abin da zai firgita dabba, tsumma a rataye, gwangwani mai ƙyalli, ko ruwan da ya kwanta yana haska ido. Shi ya matsa wa Manaja har aka yi wa lungun kwana, don ta baya kada ta hangi abin da ke samun ta gaba. In lokaci ya yi sai ya shige gaba, hannu ɗaya a baya, saniya tana lasa tana bin sa. Suna isa ƙofar ɗakin yanka sai ya shafa mata wuya, ya zame ta wata 'yar ƙofa da ke gefe, babbar ƙofa ta rufe a bayanta. Shekara da shekaru bai taɓa ganin wuƙar ba. Kuma yana cin namansa lafiya lau, har ƙashi yake taunewa.

Tsatsa ce ta ɓata komai. Wata rana sakatar 'yar ƙofar nan ta ciza, ya ja ya ja ta ƙi, babbar ƙofa kuwa ta riga ta rufe. Ya tsaya a ciki, bayansa manne da bango. Wata jar saniya ce mai karyayyen ƙaho. Aka sa mata igiya aka kayar da ita, ta fara shure-shure, idanunta na yawo a ɗakin. Ba wuƙa take nema ba, ba ƙofa ba. Da ta gan shi sai ta daina shure-shuren, ta miƙo wuya wajensa iyakar miƙewa, harshe a waje, tana neman hannun nan mai gishiri. Mai-wuƙa bai taɓa samun wuya a miƙe haka ba. Da ya gama ya goge wuƙar a cinyarsa ya ce, "Kai, da ma kullum a nan kake tsayawa. Ka ga da kanta ta ba ni."

Da yamma Mai-lallashi ya je gida, matarsa ta ajiye masa abinci da tsoka a kai. Ya kai baki, maƙogwaro ya rufe. Ya sake gwadawa washegari, haka. Bai yi rantsuwa ba, bai yi wa kowa wa'azi ba. Naman ne kawai ya daina wucewa.

Gidansu ɗaki biyu ne a wani dogon gidan haya, famfo ɗaya a tsakar gida, mata na layi da bokiti. A cikin hakkinsa na aiki akwai kason nama da ake ba shi kullum a leda, kuma wannan ledar ita ce darajar matarsa a gidan. Ita ke ba maƙwabciya 'yar tsoka in an yi baƙi, ita ake gaisarwa da murya mai laushi. Da maigida ya daina ci, ledar ba ta daina zuwa ba, amma gulma ta shigo tare da ita. Wasu suka ce an yi masa asiri. Wasu suka ce ya san abin da ake sa wa naman ne, shi ya sa. Wannan ta biyun ta fi ƙona mata rai.

"Maigida, abin da Allah ya halatta kai za ka haramta?"

"Ban haramta wa kowa ba. Ku ci."

"Mu ci kana zaune kana kallon bakinmu kamar mun ci gawa?"

"To zan riƙa fita waje."

Haka aka yi. In an sauke tukunya sai ya ɗauki kwanonsa na wake ya zauna a dakalin ƙofar gida, 'ya'yansa suna ciki suna cin abin da ya rako da hannunsa. Ƙaramin ɗansa ya taɓa leƙo kai ya ce, "Baba, laifi ka yi aka kore ka?" Ya ce masa bai sani ba tukuna.

Wurin Liman ya fara kai tambayarsa. Limamin masallacin unguwarsu dattijo ne mai sauƙin kai, ba irin masu amsa kafin a gama tambaya ba. Bayan sallar la'asar, da mutane suka watse, Mai-lallashi ya matsa kusa ya zayyana masa komai. Liman ya ce yanka halal ne, babu shakka a ciki. Ya ce sauƙaƙa wa dabba a wannan lokacin abu ne da aka yi umarni da shi, kuma mai yin sa yana da lada. Ya ƙara da cewa ya kiyayi zuciyarsa, kada ta raya masa cewa ta fi Wanda ya halicci saniyar tausayinta.

"Allah gafarta Malam, duk na yarda. Ni ba yankan nake tambaya ba. Ba ni ke yanka ba. Ni ne nake ce mata zo, babu komai."

"Ai ba ita ta ba ka amana ba. Mai ita ne ya ba ka, kuma ka cika."

"To me ya sa take bi na ba ta bin mai ita?"

Liman ya daɗe yana juya carbi. Daga baya ya ce shi dai abin da ya karanta ya faɗa, ba zai ƙago hukunci don ya faranta masa ko ya baƙanta masa ba. Ya ce ya yawaita istigfari, ba ya ɓaci ko da babu laifi. Mai-lallashi ya fito yana ganin girman dattijon, amma da kayansa ya shiga da kayansa ya fito.

Sai Likita, wato likitan dabbobin da ke duba nama yana buga masa hatimi. Matashi ne mai gilashi, yana son Mai-lallashi sosai, har yakan nuna shi ga baƙi. Shi da murnarsa ya amsa. Ya ce doka ta hana azabtar da dabba kafin yanka, kuma a duk mayankar Mai-lallashi ne kaɗai ke bin dokar ba tare da ya san da ita ba. Da ya tsaya nan da an rabu lafiya. Sai ya ja shi wurin da ake rataye nama ya nuna masa cinya biyu. Ɗaya ja ce mai haske, ɗaya ta yi duhu ta bushe. Ya ce ta farkon ta saniyar da ta mutu hankali kwance ce, ta biyun ta wadda ta firgita. "Ka gani? Aikinka har a baki ana jin sa. Naman da ka rako ya fi laushi."

Ranar Mai-lallashi ya zo bencina ya kasa cin ko waken. Ya ce, "Inna, ashe ni gishiri ne. Tun suna da rai ake zuba ni."

Na ce, "To sai me? Mai gyaran gado ma ba don gadon yake yi ba. Ci abincinka, kana tare min wuri."

Ni a lokacin ra'ayina ɗaya ne, kuma ban ɓoye masa ba. Na ce duk wannan tambaya ta mai ƙoshi ce. Na ga shekarar da mutane suka tafasa fata suka sha ruwanta. Ranar da yunwa ta zauna a kujerar alƙali ba a kiran shaida. Ya ce ya ji, amma shi ba ya jin yunwa irin wannan, kuma masu cin romona ma ba sa ji. Na ce ya fita min daga rumfa. Ya gyara zama.

Wadda ta kayar da shi 'yarsa ce ta fari. Da ledar naman nan aka yi mata makaranta har ta zama malama, yarinya mai kaifin kai, ta gado tsawonsa ba ta gado shirunsa ba. Ita ta zo masa da labari daga cikin wayarta cewa akwai mutane da yawa a duniya da ba sa cin abin da ke da rai, har suna da ƙungiyoyi. Ya ji daɗi kamar wanda aka ce an ga danginsa. Ita ma ta daina ci, ta riƙa fitowa dakali da kwanonta suna zama tare. Wannan ɗan lokacin shi ne na ga ƙiba ta fara kama shi. Amma karatun bai tsaya inda ya so ba. Wata rana a dakalin ta ajiye cokali.

"Baba, in faɗi wata magana ba za ka yi fushi ba?"

"Faɗi, uwata."

"Barin cin da ka yi bai ceci ko ɗaya ba. Mai-wuƙa ma ya fi ka gaskiya, shi da wuƙarsa a hannu suke ganin sa. Kai da gishiri kake zuwa."

"Wa ya ce haka? Mutanen cikin wayar?"

"Ba sai wani ya ce ba. Kai ma ka sani. Da ba ka sani ba da kana ciki kana cin nama."

A makon kuma Manaja ya kira shi ofis. Maganar da Mai-wuƙa ya yi tuntuni ta isa kunnensa, ga shanu sun ƙaru, ana son aiki ya yi sauri. Ya ce daga yanzu za a toshe 'yar ƙofar gefe, Mai-lallashi ya riƙa tsayawa a ciki har a gama. Mai-lallashi ya juye dusar aljihunsa a kan teburin Manaja, a kan takardu, ya fita. Ko ni bai yi wa sallama ba.

Ya koma dako a wani shagon siminti. Ledar nama ta daina zuwa, muryoyin tsakar gida suka daina laushi, matarsa ta fara wankau. 'Yarsa Malama kuwa tana tafiya kai a sama, ubanta ya tuba.

A mayanka aka koma gidan jiya, har da ƙari, don Manaja ya sayo wata sanda mai lantarki. Ni da nake bakin ƙofa ba na ganin komai, amma ina ji. Na shekara nawa a wurin ina jin kukan shanu kamar yadda ake jin ruwan sama a kwano, ba ya hana ni komai. Wannan kukan dabam ne. Yana farawa tun kafin in hura wuta, kuma akwai wani sauti a ƙarshensa kamar na mace. Direbobi suka riƙa ɗaukar kwanonsu suna komawa mota su rufe gilashi. Naman ma ya yi duhu ya yi tauri, in dafa shi tun safe ya ƙi nuna, masu ci suna tsaki. Sai ya zama ni da shanun buƙatarmu ta zo ɗaya. Da Manaja ya zo rumfa yana sosa ƙeya, wai ya ji ni kaɗai mutumin yake jin maganata, ban ja masa rai sosai ba. Na dai sa ya tsaya a rana har na gama kwashe shinkafa.

Na samu Mai-lallashi a bayan shagon simintin yana zaune a kan buhu, fari fat da ƙurar siminti, har gashin ido. Ya rame, wuya ya fito. Ya tashi ya ba ni buhun.

"Inna, in saƙon Manaja ne, kin sha rana a banza."

"Ya ce zai bar maka ƙofarka, har sabuwar sakata zai sa. Wannan nasa ke nan. Saura nawa. Shekaranjiya wata baƙar saniya ta yi tsalle a lungu, ƙafarta ta shiga tsakanin ƙarfe..."

"Kar ki gaya min."

"Ta karye a nan, ƙashi ya fito. Ta ƙi tashi. Suka sa mata lantarki a ido, a ƙarƙashin wutsiya. Da ta ƙi, suka ɗaura mata sarƙa a ƙaho suka ja ta a ƙasa tun daga kwana har ɗaki. Da ranta."

Ya toshe fuska da hannu, siminti ya yi taɓo a kumatunsa. Can ya ce, "In na koma, ni ne maƙaryacin da suke bi."

"Kai ne."

"In ban koma ba fa?"

"Kana nan da hannunka fes, su kuma suna shan wuta. Ko ka je ko kar ka je, gobe za a yanka su, ni kuma zan dafa. Zaɓi wanda za ka iya barci da shi."

"Babu."

"To zaɓi wanda su za su iya."

Ranar Litinin na hango shi ya wuce ta gaban rumfa, aljihu a kumbure. Kafin hantsi mayankar ta yi tsit, har ina jin tafasar tukunyata. Mai-wuƙa ya fito cin abinci yana waƙa.

Abin da komawar ta ci masa, a gida ta ci. Malama ba ta yi masa rashin kunya ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta dai daina fitowa dakali. Da ta yi aure ta tafi wata unguwa mai nisa, takan zo ta gaida uwarta a lokacin da ta san yana wurin aiki. In sun haɗu ta durƙusa ta ce, "Ina wuni, Baba," ya ce, "Lafiya lau, uwata," shi ke nan an gama. Ta haifi 'ya'ya, ba ta taɓa barin su kwana a gidan ba, wai kada a ba su abin da ba ta ba su. Matarsa ta samu ledarta ta dawo, amma ta rasa 'ya, kuma ba ta taɓa yanke shawarar wanda za ta ɗora wa laifi ba, don haka ta raba musu shi daidai.

Haka ya ci gaba har furfura ta cinye kansa. An sha turo masa matasa ya koya musu. Yakan nuna musu komai, dusar, gishirin, juya bayan, amma shanun ba sa bin su. Wani daga cikinsu ya ce min, "Inna, tsohon nan akwai abin da yake ɓoyewa." Babu abin da yake ɓoyewa. Su suna yi ne don saniya ta shiga, shi kuwa har ga Allah son ta yake yi, kuma dabba tana gane bambancin. Abin da ya sa ya iya aikin shi ne abin da ya hana shi barci. Da ya ƙi su ko kaɗan da sun daina bin sa, da ya huta.

Ciwo ya fara masa da jiri. Ya faɗi sau ɗaya a cikin shinge, aka ɗauko shi. A asibiti suka ce jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, ga wani abu a ciki da ba su ji daɗin gani ba. Suka ba shi ƙwayoyi, suka ce ya riƙa cin hanta. Matarsa ta dafa, ta daka, ta ɓoye a cikin wake, ta yi kuka, ta kira masa Liman. Liman ya ce masa rai amana ne, kuma wannan amanar ba a gardama a kanta. Ya ce to, ya karɓi cokali, ya sa a baki da niyya mai kyau. Ya dawo da shi har da abin da ya ci jiya.

Na je duba shi wata ranar da ban yi girki ba, da hantsi. Ɗakin ya yi zafi. Katifa a ƙasa, fanka na juyawa tana ƙara kamar za ta faɗo, taga na kallon bangon maƙwabci, kwalaben magani a jere a kan akwati. Ya zama ƙashi da fata, kunnuwan nan kaɗai ba su rame ba. Matarsa ta ba ni kujera 'yar tsuguno ta fita wanki. Na tambaye shi jiki, ya tambaye ni wa ke shigar da su yanzu. Na ce wani yaro, yana ƙoƙari. Ƙarya nake yi, shi ma ya sani, don ya rufe ido.

Na ce, "An gaya wa Malama?"

"An gaya mata, Inna. Ta ce tana nan zuwa ranar hutu."

Fanka na ta surutunta. Sai ya juyo da kai.

"Inna, ke kika mayar da ni."

"Ƙafarka ta mayar da kai. Ni labari na ba ka."

"Kowa na tambaya sai ya buɗe min littafinsa. Ke ba ki da littafi. Ba na son ki lallashe ni, na san yadda ake yi. Ki gaya min kawai. Na ci amanarsu ko ban ci ba?"

Na dube shi. Ina da amsa mai daɗi a baki, irin wadda ake ba mara lafiya, kuma na ga idonsa yana bin bakina, wuya a miƙe. Na haɗiye ta. Ban sake ganin sa ba, ya rasu kafin ranar hutun ta zo, don haka abin da na faɗa masa a kan kujerar nan shi ne na ƙarshe tsakanina da shi.

Na ce, "Ɗan nan, ka yi ta tambayar masu ci, har ka gangaro kan mai miya. Duk cikinmu babu wanda bakinsa ba maiƙo. Waɗanda suka isa su ce maka ka ci ko ba ka ci ba, mun cinye su. Saura Wanda ya yi ka ya yi su, kuma wurinsa za ka. In ka je ka tambaya da kanka, kar ka aiki kowa. Ni dai gobe da safe zan ɗora tukunya."